Gaida Tsofaffi In An Je Hutu Gida

Ɗalibai, hutu ya ƙarato. Waɗansunku za su nufi Wurno, Rabah ko Goronyo, inda tsofaffi suke ƙirga kwanakin zuwanku.

Gaisuwa tana da tsari. Akan fara da wanda ya girmi kowa a gidan, ko da ɗakinsa ne na ƙurya. A tuɓe takalmi a bakin ƙofa, a durƙusa, a bari ya gama tambayar gajiya da mutanen makaranta. In ya ce "lahiya lau", kada ku yi dariya, Sakkwatanci ke nan. Tsaraba ba sai mai tsada ba: goro, sukari ko sabulu ya isa. Tsohuwa takan yi mako tana nuna wa maƙwabta sabulun nan.

Abin da yake gagarar yawancinmu shi ne zama. Ni kaina a tsaitsaye nakan gaida gwaggona, ina duban agogo. Ita kaɗai ta san iyakar fadamar kakanmu tun kafin a gama madatsar ruwan Goronyo a 1984. Ta rasu ban tambaye ta ba, ga 'yan'uwa nan har yau suna gardama a kan iyakar. Saboda haka ku zauna a tabarma, ku tambayi sunayen kakanni da wuraren gonaki, ku rubuta a littafi.

Sai batun hanya. Tun harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a 2021 ba a tafiya da ka. Ku shawarci iyayenku, ku fita da hantsi, kada magariba ta riske ku a hanya.