Kafin Rumfa Ta Zama Majami'a

A ƙauyukan kudancin Jihar Sakkwato, kamar Jabo da kewayen Tambuwal da Kebbe, rumfar kara ba ta bukatar takardar kowa. A kafa shigifa huɗu, a shimfiɗa zana, shi ke nan. Ikilisiyoyi da yawa a Arewa a irin wannan rumfa suka fara sujada.

Amma in jama'a ta ƙaru, baiko ya yi auki, sai a ce a ja bango, a ɗora katako da kwano. Daga ranar nan rumfa ta zama gini, doka kuwa ta shigo ciki.

Dokar Filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar zama a kansu. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce a sami izinin hukuma kafin a ta da gini ko a yi masa babban canji. Ko a Ingila, ƙaramin ɗakin gilashi da ke jikin gida ba ya neman izinin gini in bai wuce murabba'in mita 30 ba, amma in za a musanya rufinsa da mai nauyi, yawanci sai hukuma ta duba.

Dalilin shi ne nauyi. Ginshiƙin da ya ɗauki zana ba zai ɗauki katako ba. Ga kuma guguwar farkon damina, wadda kan yaye kwano in ba a ɗaure katakon da ƙarfe cikin bango ba.

A 2014 masaukin baƙi na cocin Synagogue a Legas ya rushe, mutum 116 suka rasu. Bincike ya nuna ba a sami izinin ginin ba. A 2016 rufin wata majami'a a Uyo ya faɗo wa masu sujada.

Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 22 aya 8, ya umurci mai sabon gida ya kewaye rufinsa da katanga, don kada alhakin jini ya hau kansa. Saboda haka, dattawan ikilisiya, kafin a sayi kwano ko bandir ɗaya, a nemi injiniya ya duba tushe da bango, a kai zanen ginin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a kuma adana takardun da sunan ikilisiya. 'Ya'yanmu ne za su zauna a ƙarƙashin rufin nan kowace Lahadi.