Allurar Kumburarrun Jijiyoyin Hanyar Abinci da Daskarewar Jini

Yau maganar aman jini za mu yi, irin wanda ke biyo bayan ciwon hanta, tunda galibi mu ne masu jinya a gida.

Idan hanta ta ƙandare, ko don daɗaɗɗen ciwon hanta nau'in B, ko don tsutsar tsargiya mai zama a jijiyoyin hanji, jinin da ke tasowa daga hanji ba ya ratsa ta da sauƙi. Sai ya nemi ɓarauniyar hanya, ya cika jijiyoyin ƙasan bututun da abinci ke bi zuwa tumbi. Su yi ta kumbura, wata rana ɗaya ta fashe, mutum ya kama aman jini.

Ɗaya daga cikin dabarun tsayar da shi ita ce allura, wadda wasu likitoci biyu a Suwidin suka fara ba da rahotonta a 1939. Likita zai zura siririn bututu mai kyamara ta baki, ya tsira wa jijiyar magani. Da gangan maganin ke ƙona cikinta, jini ya daskare ya toshe ta, daga baya wurin ya zama tabo.

To, a nan gizo ke saƙar. Hanta ce ke haɗa mafi yawan sinadaran da ke daskarar da jini, ga ta kuma ba lafiya. Saifa ma ta kumbura ta riƙe ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni. Wato dai da ma guzurin majinyacin kaɗan ne, allurar kuma ta ciki take ci. Wani ɓangare na maganin kan bi jini, shi ya sa awo kan nuna ƙwayoyin nan da sinadaran sun ɗan ragu bayan an yi ta. Ga yawancin mutane raguwar ba ta daɗewa, takan daidaita da kanta. Jefi-jefi ne gudan jini ke zarcewa ya toshe babbar jijiyar da ke shiga hanta.

Ni abin da na fi so ki riƙe, uwargida, shi ne gyambon da allurar kan bari, don yakan yi jini bayan kwanaki, an ma riga an dawo gida. In kika ga bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, ko jiri, ko amai da jini ko da cokali ne, a koma asibiti nan take. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac don ciwon ƙirji, komai nacinsa, suna ƙara zubar jinin.

Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fito da ɗaure jijiyar da 'yar roba, kuma yanzu ita likitoci suka fi zaɓa saboda matsalolinta sun fi sauƙi. Allurar tana nan don inda robar ba ta samu ba ko ta ƙi kamawa. Kowacce aka yi masa, ba a gamawa a zama ɗaya, don haka ki tambayi likita ranar komawa kafin a sallame ku.