Jarrabawar Ginin da ke Tsimin Wuta da Ruwa: Hadda Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Mai zanen gine-gine ko injiniyan da ke neman aiki a manyan kwangiloli a yau zai riƙa cin karo da sunaye biyu, LEED da EDGE. Na farkon tsari ne da Majalisar Gine-gine Masu Kare Muhalli ta Amurka ta fito da shi a 1998, ana auna gini da maki, daga 40 da ake fara ba da shaida har zuwa 80 da ke kai gini matakin ƙoli. Jarrabawar matakin farko ta masu sana'ar, wato LEED Green Associate, tambayoyi 100 ne na zaɓi cikin awa 2, kuma sai mutum ya sami 170 cikin 200 kafin a ce ya ci. EDGE kuwa na hukumar IFC ne, reshen Bankin Duniya, an tsara shi domin ƙasashe masu tasowa, sharaɗinsa shi ne gini ya rage kashi 20 cikin 100 na wuta, da na ruwa, da na abin da sarrafa kayan ginin ke jawo wa muhalli.

Kuskuren da ya fi yawa wajen shiri shi ne a mai da karatun hadda. Ɗalibi ya tara tsofaffin tambayoyi, ya haddace cewa ma'aunin ruwan masai lita 6 ne a kowace kora, amma bai san dalilin kafa ma'aunin ba. Tambayoyin kuwa sau da yawa yanayi suke kawowa: ga fili, ga mai gini da kuɗinsa ƙididdigagge, wace dabara ce za ta rage zafi ba tare da ta toshe haske ba? Wanda ya gane cewa fuskar gini da girman taga su ke ƙayyade girman na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ta ƙayyade yawan man da janareta zai sha, zai amsa ko an sauya wa tambayar riga. Shi ya sa ya kamata a fara da littafin jagora na LEED, a karanta manufar kowane maki, sannan a gwada lissafin a kan zanen gini na gaske. Manhajar EDGE kyauta ce a intanet, kowa na iya yin wannan gwaji.

Wasu za su ce ai ma'aunan Amurka ne, me ya haɗa su da zafin Sakkwato? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin LEED ya jingina da ƙa'idojin ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASHRAE, kuɗin rajista kuma da dala ake biya. Sai dai tushen ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kaurin bangon tubali, rufin azara da ƙananan tagogi, irin na Gidan Makama a Kano, dabarar jinkirta shigar zafi ce wadda jarrabawar ke tambaya da lambobi. Mu ne muka bar ta muka koma bulo da rufin kwano da gilashi mai kallon yamma. Ga shi kuma tun 2017 Nijeriya ta ƙaddamar da nata kundin ƙa'idojin tsimin makamashi a gine-gine.

Wanda aikinsa gidajen kwana ne da makarantu ya fara da EDGE. Mai hangen ofisoshin kamfanonin waje ya nufi LEED, amma ya sani shaidar matakin farko tana buƙatar awa 15 na ƙarin karatu duk shekara 2.