Amarya, Kar Ki Niƙe Buhun Gara Gaba Ɗaya

'Yan mata adon gari! Yau zancen gari za mu yi, amma ba garin da kuke yi wa ado ba, garin da ake tuƙa tuwo da shi nake nufi. Na san wata har ta taɓe baki, tana shirin buɗe shafi na gaba ta ga yadda aka kwana tsakanin masoyan labarinmu. Dakata tukuna 'yar uwa, labarin ba guduwa zai yi ba, wannan kuwa in ba ki ji shi yau ba, a ɗakin miji za ki ji shi.

A ƙasarmu ta kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru, ki bi ta Kwanar Dangora ki shiga Tudun Wada, ki ratsa dajin Falgore har ki dangana da Doguwa, yawancin iyaye manoma ne, kuma ba sa kai 'yarsu ɗaki hannu rabbana. Ranar gara, ban da alkaki da nakiya da dubulan, za ki ga an sauke buhun masara, da na shinkafa, wani gidan har da dawa da gero. To a nan ake yin ta. Amarya tana ɗokin sabon gida, ga lalle bai gama fita ba, ba ta son zirga-zirgar aike, sai ta kira ƙanin miji ta ce ya kai rabin buhu inji a niƙe mata gaba ɗaya ta huta. A juye garin da zafinsa a cikin robar fenti, a danne murfi, a tura bayan gado. Sati na farko tuwo sai sam barka. Kafin a cinye wata biyu ya fara maƙaƙi a maƙogwaro, yana wani irin warin tsufa. Ango ya yi loma uku ya ce alhamdu lillahi, ita kuma ta kwana tana saƙe-saƙe, ko dai wata ce ta fara ba shi a waje? Uwar miji ta ɗanɗana ta yi shiru, irin shirun nan da ya fi magana ciwo. Alhali babu kishiya babu asiri, gari ne kawai ya tsufa.

Bari in nuna miki dalili. Ki ɗauki ƙwayar masara guda ɗaya ki duba ta da kyau. Abu uku ne a jikinta. Akwai ɓawon da ya lulluɓe ta, wanda in an surfa yake zama dusa. Akwai farin ciki, wanda shi ya fi yawa, kuma kusan duk sitaci ne. Sannan can gindinta akwai wani ɗan wuri mai taushi kamar farce, shi ne idon da tsiro yake fitowa in an shuka. Haka alkama take, haka dawa, haka gero. A alkama farin cikin ya kai kamar kashi 83 cikin 100, dusa wajen kashi 14, idon kuwa bai wuce kashi 3 ba. A masara idon ya fi girma, yana kaiwa kashi 10 ko sama da haka, kuma cike yake da mai, don daga shi ake tatsar man masara.

Muddin ƙwaya tana nan a rufe, man yana ɓoye, iska ba ta kai gare shi. Shi ya sa damin dawa yake shekara biyu har uku a rumbu lafiya lau. Amma da zarar inji ya farfasa ta, man ya cuɗanya da gari, iska da zafi suka same shi, sai ya fara lalacewa kamar yadda man gyaɗa yake yi in ya daɗe a buɗe. Wannan shi ne maƙaƙin da ango ya ji. Gero ya fi kowa rashin haƙuri, garinsa a lokacin zafi ko kwana goma ba ya cikawa sai ɗanɗanonsa ya juya. Kin ga ke nan kakanninmu da suke dakan fura kullum safiya ba son wahala suke yi ba, sun san halin abinsu. Garin masara ko na dawa da ba a surfa sosai ba, ki niƙa na sati biyu, in ya yi yawa uku. Da sanyin hunturu yakan ɗan ƙara kwana, da bazara da damina kuwa kar ki yarda.

Wata za ta ce to ai da sauƙi, sai a surfe shi tas, a fidda dusar da idon baki ɗaya, ga tuwo fari sol kamar auduga, ga shi ba ya saurin lalacewa. Gaskiya ne, dabarar da kamfanonin fulawa suke yi ke nan, shi ya sa fulawa take watanni a kanti. Sai dai ki san abin da kika zubar. Mafi yawan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin B, da harzar da take sa ciki ya warware, a dusa da ido suke. Mu kuwa sai mu kwashe mu ba akuya, akuya tana sheƙi, mai akuya tana jiri in ta miƙe tsaye. Budurwar da take al'ada duk wata ta fi kowa a gidan bukatar abin da zai mayar mata da jini, balle ranar da ta samu juna biyu. Ba banza ba gwamnati ta wajabta wa kamfanoni zuba bitamin A a fulawa da sukari da man girki tun 2002, ta san abin da talaka yake ci bai wadatar ba. Garin da kika kai injin unguwa kuwa babu mai zuba masa komai, abin da Allah ya halitta a ƙwayar shi ke nan rabonki.

Akwai wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, da ya yi aiki a tsibirin Jawa na Indunusiya a shekarun 1890. Ya lura kajin da ake ba farar shinkafa da aka goge tas ƙafafunsu suna shanyewa, irin ciwon da yake kama mutanen wurin, in kuma aka koma ba su wadda ba a goge ba sai su miƙe. Daga nan aka bi diddigi har aka gano bitamin B1, shi kuma aka ba shi kyautar Nobel a 1929. Abin da zai ba ki sha'awa, matan Tudun Wada masu turara shinkafa maganin wannan matsalar suke yi kullum a bakin tukunya. In aka jiƙa shanshera aka turara ta kafin a casa, wani kaso na amfanin da yake ɓawo yana shigewa cikin ƙwayar, ko an goge ba ya fita duka. Don haka in kin ga shinkafarmu ta gida ba ta kai 'yar waje haske ba, kar ki raina ta.

Ni dai shawarata, a yi surfe sama-sama, a fidda ƙaiƙayi da ɓawo mai kauri, a bar saura. In mai gida ya saba da fari sol, kar ki yi masa juyin mulki rana ɗaya, ki riƙa rage surfen kaɗan-kaɗan, ko ki haɗa masara da 'yar dawa kaura, miyar kuka ta rufe sauran zance. Kamu da ƙullun da ake jiƙawa su kwana su yi tsami su ma alheri ne, tsamin yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da yake cikin hatsin.

Amma fa akwai sharaɗi babba, kuma 'yan Doguwa ku ya fi shafa. Wajen duwatsun Riruwai ruwa ya fi sauka, damina ta fi tsawo a kan ta arewacin Kano, sau da yawa ana karyar masara sama ba ta gama ɗaukewa ba. Masarar da aka tara da danshi tana yin fumfuna, wata fumfunar kuma tana haifar da dafin da likitoci suke kira afalatoksin. Ba ya mutuwa a wuta, ko kin kwana kina tafasa tuwon. Kaɗan-kaɗan yake cin hanta, yana tsumburar da yara, in ya yi yawa kuma kisa yake yi farat ɗaya. A 2004 mutum 125 ne suka mutu a ƙasar Kenya saboda cin irin wannan masarar. To dafin ya fi taruwa a ɓawo da ƙwayoyin da suka fashe ko ƙwaro ya huda. Saboda haka masarar da za a bar wa dusarta sai mai tsabta. Ki zauna da faifai ki tsince duk wadda ta yi baƙi, ko kore-kore, ko ta motse, ki wanke, wadda ta taso saman ruwa ki kwashe ki zubar. In kina shakkar masarar, wannan kam surfe ta sosai ya fi.

Yaya za ki gane hatsi ya bushe? Tsofaffi cizawa suke yi, in ya ce ƙas ya fashe to ya yi, in haƙori ya nutse da saura. Ga wata dabarar kuma. Ki sami kwalba busasshiya, ki zuba gishirin da kika shanya ya bushe ƙarau kamar cokali biyu, ki zuba hatsin tafin hannu guda, ki toshe ki girgiza, ki ajiye 'yan mintoci ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Shanyar kuma a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa tsirara ba.

Sai maganar ƙwaro. Don Allah 'yan uwa a raba abinci da fiya-fiya da gamalin. A 2008 ɗalibai fiye da 100 na wata sakandaren 'yan mata a Jihar Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari, 'yan mata irinku. A 2015 kuma ƙasashen Tarayyar Turai suka rufe ƙofa ga wakenmu saboda yawan irin wannan maganin a jikinsa. Ita kuwa ƙwayar nan da ake ce wa bom, hayaƙi mai guba take fitarwa, ba a sa ta a ɗakin da mutum yake kwana, ko da kuwa buhun yana ƙarƙashin gado ne a ɗaure. Ƙwaro numfashi yake yi kamar ni da ke, in kin hana shi iska ya mutu ba sai da guba ba. A kan wannan hikimar masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da buhun PICS, aka fara yaɗa shi a 2007 don wake, daga baya aka ga yana yi wa masara da dawa ma. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu a waje, kowanne a matse iska a ɗaure bakinsa daban. In ba ki da shi, jarka mai murfin kirki ta wadatar: ki wanke ta bushe, ki cika ta har wuya, ki sa leda a baki ki murɗa. Kar dai ki riƙa buɗewa kullum, ki ware na cin wata guda a wani mazubin. Buhu kuma a ɗora shi kan katako, kar ya jingina da bango.

Ranar niƙa, ki ja kunnen ɗan aike kar a zuba miki bayan mai barkono ko mai jiƙaƙƙen ƙullu. Da garin ya dawo za ki ji shi da zafi, to kar ki rufe. Ki baza a faranti ko tabarma mai tsabta a inuwa ya sha iska, ki tankaɗe, sannan ki zuba a mazubi mai murfi nesa da murhu. Garin da aka rufe da zafinsa gumi yake yi, gumin nan kuwa shi ne mafarin curewa da tsutsa. Kuma kar ki zuba sabo a kan ragowar tsoho.

Mu zo kan alkama, tunda na san masu son gashi sun ƙagu. Madatsar ruwa ta Tiga da take ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita take shayar da gonakin rani na Kadawa, inda ake shuka alkama da shigowar sanyi a girbe wajen watan Maris. Iyayenku za su tuna 1987, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkamar waje, burodi ya yi tsada, aka koma neman ta gida, har zuwa 1992 da aka janye hanin. Amma tun kafin a san burodi a ƙasar Hausa muna da alkubus da finkaso da gurasar tanderu, kuma duk da niƙaƙƙiyar alkama sukutum aka san su.

In za ki kwaɓa garin alkama, ki sani ba fulawa ba ne. Dusar da take ciki tana shan ruwa da yawa, kuma a hankali take sha. Ki sa ruwa ya ɗan fi yadda kika saba, ki kwaɓa sama-sama, ki rufe ki ba shi kamar minti talatin kafin ki buga shi sosai. Za ki ga kwaɓin da ya yi kamar ya yi ruwa ya haɗe kansa. Yis kuma a ruwa mai ɗumi ake jiƙa shi, wanda za ki iya barin yatsa a ciki, ruwan zafi kashe shi yake yi. Kar ki sa ran zai tashi fam kamar burodin kanti, domin gutsattsarin dusar suna yanke danƙon da yake riƙe iska a cikin kwaɓin. Mai koyo ta fara da rabi alkama rabi fulawa, in hannu ya faɗa sai ta ƙara. Kuma yana saurin tashi ya wuce, in ya ninka to ya isa, in kika tafi hira gidan maƙwabta sai ki dawo ki tarar ya yi tsami ya faɗa.

Dawa da gero da masara su ba su da wannan danƙon sam, shi ya sa waina da sinasir a tanda ake zuba su, ba a mulmula su. In kina son sa su a burodi ko kek don ɗanɗano da sauƙin kuɗi, gwangwani ɗaya cikin huɗu ya isa, ukun su zama alkama ko fulawa. Wadda ba ta da abin gashi na zamani, tukunya da yashi mai tsabta a ƙasa, garwashi a kan murfi, gwangwanayen madara da aka shafe da mai, sun gama mata komai. Sai dai ki rage wuta, don garin da yake da dusa yana saurin yin duhu a waje alhali cikinsa da saura. Ki soka tsinken tsintsiya mai tsabta a tsakiya, in ya fito babu kwaɓi a jikinsa ki sauke, ki bar shi ya huce a buɗe kafin ki sa a kwano.