Sabunta Wayar Lantarki A Tsofaffin Gidaje: Ramin Da Aka Bari Shi Ne Hanyar Gobara

Masu gidajen haya da 'yan kasuwar da ke sayen tsofaffin gine-gine suna kashe maƙudan kuɗi wajen sabunta wayoyin lantarki, amma da yawansu ba sa tambayar abin da aka yi da ramukan da aka huda a bango da silin domin wayar ta wuce. Ta waɗannan ramuka ne hayaƙi da harshen wuta ke tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki idan gobara ta tashi.

A Amurka, gidajen katako da dama da aka gina kafin shekarun 1930 suna da sarari a cikin bangonsu wanda ya miƙe daga tushe har rufi, yana zuƙo wuta sama kamar bututun hayaƙi. Sashe na 300.21 na dokar haɗa lantarki ta ƙasar ya wajabta toshe duk inda waya ta ratsa bango ko bene mai jure wuta. Haka nan a Ingila, ƙa'idar BS 7671 ta ce tilas toshiyar ta jure wuta daidai da bangon da aka huda, wanda a gidajen zama yawanci minti 30 ne ko 60.

Ba da kowane abu ake toshewa ba. A watan Maris na 1975, a tashar lantarki ta nukiliya ta Browns Ferry da ke jihar Alabama, ma'aikata sun kunna kyandir domin gano inda iska ke fita ta ramin wayoyi, sai soson robar da aka cusa a wurin ya kama. Wutar ta ci kusan sa'o'i bakwai, ta lalata wayoyi fiye da 1,600. Abin da ya dace shi ne siminti, ko audugar dutse, ko wani irin danƙo mai kumbura idan ya ji zafi, wanda ke cike gurbin bututun roba bayan ya narke.

A nan Nijeriya matsalar ta fi yawa a jerin ɗakunan haya da shaguna, inda bangon da ke raba su kan tsaya a silin, sararin da ke ƙarƙashin kwano ya zama ɗaya, cike da busasshen katako, kuma a nan ake jefa sabbin wayoyi. Wutar shago guda sai ta zama ta layi gaba ɗaya.

Hukumar NEMSA, wadda aka kafa bisa dokar 2015, ita ce ke ba masu haɗa lantarki takardar shaida. Saboda haka ya kamata mai gida ya nemi ganin takardar, ya rubuta batun toshe ramuka a cikin yarjejeniyar kwangila, ya sa a ɗaga bangon rabuwa har kwano, sa'annan ya riƙe ragowar kuɗin aiki sai ya duba da idonsa kafin a rufe silin. Kuɗin wannan aiki bai kai hayar watannin da za a rasa ba idan ginin ya ƙone, balle jarin 'yan haya da rayukansu.