Benen Katako A Unguwannin Bayan Gari Na Amurka

Wanda duk ya zaga unguwannin da ke gefen manyan biranen Amurka lalle zai ga wani irin gini da ya yawaita. Hawan ƙasa na kankare ne, a nan ake buɗe kantuna da gidajen abinci da ofisoshi. A bisansa kuwa sai a ɗora hawa huɗu ko biyar na katako, watau ɗakunan kwana na 'yan haya. Mutum ya sauko daga ɗakinsa ya yi cefane, ba sai ya nemi mota ba.

Dalilin yawaitarsa a fili yake. Katako ya fi ƙarfe da kankare araha a ƙasar, ga shi mara nauyi, kafintoci kuma suna gama aikinsa da sauri. Kanada ma ta bi wannan hanya, domin a shekarar 2009 lardin British Columbia ya yarda a kai benen katako hawa shida maimakon huɗu.

To, amma araha ba ta ado. Abu uku mai zanen gini zai sa a gaba. Na farko ruwa, gama katakon da ya sha laima ruɓewa yake yi, saboda haka ake ɗaga shi bisa kankare, a kyautata rufi da indararo. Na biyu ƙara, don kada takun na sama ya hana na ƙasa barci. Na uku, wanda ya fi duka, gobara.

A watan Janairu 2015 an ga aibin irin wannan gini a garin Edgewater na jihar New Jersey. Masu gyaran famfo suka kunna wutar walda, ta kama cikin bango, ta bi ta kogon da ke tsakanin katakai har rufi, inda babu famfunan yayyafa ruwa. Gidajen haya 240 suka ƙone, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Darasin ke nan. Dole a toshe kowane kogo, a raba ginin da bangayen da wuta ba ta ketarewa, a kai famfo har ƙarƙashin rufi. Wurin da ido ba ya gani, nan ne ake gane gwanin magini.