Idan Bututun Rarar Ruwa Ya Toshe a Tafkin Gona

Galibi tafkin da aka tare da jinga, na kiwon tarwada ne ko na noman rani, ana binne masa bututu a ƙarƙashin jingar domin ya fitar da rarar ruwa kafin tafkin ya tumbatsa. Yawancin shekara bututun nan ba ya aikin komai, shi ya sa ake mantawa da shi. Sai watan Agusta ya kama, a kwana ana ruwa, gari ya waye mai gona ya tarar ruwa ya shanye bakin bututun amma ko ɗigo ba ya fita ta ɗaya gefen.

Lissafin ruwan ya isa ya tayar da hankali. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Idan aka yi milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a tsakiyar damina a ƙasar Kano ko Jigawa, hekta ɗaya ta karɓi lita 500,000, kuma kaso mai yawa zai gangaro tafkin idan ƙasa ta riga ta ƙoshi. Jingar ƙasa tana iya riƙe ruwa shekara da shekaru, amma ba ta jure ya bi ta kanta. Da ya fara tsallakewa sai ya ci bayanta, ƙaramar kwari ta zama babba, cikin sa'o'i kaɗan ta ɓalle. Mutanen Kano ba su manta ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba, na Maiduguri kuma sun ga ta Alau a Satumban 2024, dukansu bayan ruwan sama mai yawa. Tafkin gona ƙarami ne, amma ya isa ya kwashe kifin shekara guda, ya kuma kwantar da shinkafar maƙwabci.

Babban gargaɗina, wanda nake so ya zauna a ran kowa, shi ne kada wanda ya shiga ruwa ya laluba bakin bututu da hannu ko da ƙafa. Abin da yawancinmu za mu fara tunani ke nan, a kira yaron da ya iya ninƙaya ya nutsa ya ciro abin da ya toshe. Bututu mai faɗin inci 12 da bakinsa yake zurfin mita 2, ruwa yana danna abin da ya rufe shi da nauyin kusan kilo 140. Muddin a toshe yake ba a jin komai, ruwan a kwance yake lif. Da an zare toshiyar, nauyin nan ya koma kan duk abin da ke kusa, kuma hannun mai zarewa ne ya fi kusa. Ƙato ma ba ya iya ƙwace kansa, na kan gaɓa kuma ba sa iya janyo shi kafin numfashinsa ya ƙare. Ƙaramin bututu mai inci 6 ma ya isa ya riƙe hannun yaro. Haka nan ta ƙasa, ba a leƙa kai cikin mafitar, ba a tsayawa a gabanta, domin toshiyar tana iya fitowa gaba ɗaya da laka da itace.

Aikin farko shi ne rage ruwan har bakin bututun ya fito fili. Mai injin ban-ruwa ya kafa shi a kan gaɓa ya ja. Wanda ba shi da inji ko kuɗin mai, dogon tiyo ya wadatar: a cika shi taf da ruwa, a toshe bakunansa biyu, a nutsar da ɗaya cikin tafki, a tsallakar da ɗayan bayan jinga har ya sauka ƙasa da matakin ruwan tafkin, sannan a buɗe. Zai yi ta zuƙa da kansa muddin iska ba ta shiga ba. Tiyo biyu ko uku sun fi sauri. A ɗaura raga a bakin da ke cikin ruwa saboda ƙananan kifi, a kuma jera duwatsu inda ruwan ke zuba don kada ya ci gindin jingar. Idan ba gaggawa, a sauke ruwan sannu, kamar taƙi guda a rana, saboda jingar da ta jiƙe sharkaf takan zame ciki idan aka janye mata ruwa farat ɗaya.

Sau da yawa matsalar a bakin take. Leda ce kan gaba, musamman ta ruwan sha da ambaliya ke kwasowa daga hanya, sai kainuwa, karan dawa, buhun abincin kifi da iska ta jefa, da guntayen kacala a yankin Haɗeja da Nguru inda ciyawar ta addabi magudanai. Irin wannan tarkace, manjagara mai doguwar ƙota ta ishe shi, daga kan gaɓa. Abin da aka ciro a kai shi nesa, domin idan aka tara shi a gefe ruwan gaba zai mayar da shi.

Idan bakin a buɗe yake, a zagaya a duba mafitar, wataƙila yashi ne ya binne ta, shebur ya gama magana. In can ma lafiya, to toshiyar tana tsakiya, galibi a gwiwa inda bututun tsaye na cikin tafki ya haɗu da na kwance a ƙarƙashin jinga. A zura tiyo mai tauri ta ƙasa har ya ci karo, a auna tsawon da ya shiga, an san inda take. Sai a haɗa tiyon da inji, a riƙa turawa ana ja da baya, ruwan yana narkar da lakar yana fito da ita ta inda aka shiga. Mai riƙe da tiyo ya tsaya a gefe. Gora ko sandunan masu gyaran famfo suna taimakawa, sai dai masu haɗin zare ana juya su ne ta hannun dama kawai, in ba haka ba su kwance a ciki a sami toshiya ta biyu. Rodi mai tsini yana huda bututun roba, huji kuma a cikin jinga ya fi toshiya muni. Soda ko asid kuwa kada a kusanto da su. Ba sa narkar da leda ko laka, kifi kawai za su kashe.

Akwai lokacin da mai gona zai dakata ya nemo malamin gona ko injiniya, kamar na KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa. Idan tiyo ya tsaya cak a kan abu mai tauri, ƙila bututun ya lotsa saboda tarakta ko mota ta bi ta kai, ko saiwar darbejiya ta shiga ta mahaɗa. Mafi haɗari shi ne a ga ruwa yana tsattsafowa ta gefen bututun maimakon cikinsa, kuma ruwan da laka-laka. Wannan lakar jikin jingar ce ke fita. Haka idan ƙasa ta lotsa a saman inda bututun ya bi. A irin wannan hali a ci gaba da rage ruwa, a sanar da duk wanda ke da gida ko gona a ƙasa, yara da dabbobi su bar wurin.

Bayan an buɗe, a yi wa bakin keji na ƙarfe mai girma, wanda ya ninka faɗin bututun, ta yadda ko leda ta manne gefe ɗaya ruwa zai sami hanya ta wani. Raga mai ƙananan ido da ake ɗaurawa kai tsaye a baki don tare kifi ita ce ta fi saurin toshewa. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a kifa wani bututu mafi faɗi a kan na tsayen, ya ɗara shi tsawo, a bar masa sarari a ƙasa. Ruwa zai shiga ta ƙasa ya hau ya faɗa cikin na ciki, abin da ke iyo a sama ya tsaya a waje, kuma ruwan ƙasa mai dattin kifi ne ke fita.

A ra'ayina tafkin da ya dogara da bututu kaɗai bai kammalu ba. Yana bukatar mafitar ko-ta-kwana: hanya mai faɗi marar zurfi da aka yanka a gefe, a kan ƙasar asali da ba a cike ta ba, bisa bakin bututu da kamar taƙi ɗaya ko biyu, amma ƙasa da saman jingar sosai. A dasa mata kiri-kiri ya riƙe ƙasa, kada a tare ta da shinge ko a shuka komai a ciki. A watan Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya, a zuba bokiti biyu ta bakin bututun a sa wani ya tsaya a gefen mafitar ya ga ko sun fito, a cike ramukan gafiya, a sare duk itacen da ya tsiro a kan jingar tun yana ƙarami.